Malamin Gona Da Ƙaramin Manomi: Ina Aka Kwana?

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas a ƙarshen bazara, hankalin kowane magidanci a karkarar Arewacin Nijeriya yakan koma wuri ɗaya, watau gona. Mutumin da ke da hekta 1 ko 2, ga iyali a wuyansa, ga kuma kuɗin da ba su wuce na buhun taki guda ba, yana da tambayoyin da tilas ya amsa kafin ruwan shuka ya sauka. Wane iri zai shuka, na gida da ya ajiye tun kaka, ko kuwa na kanti da aka ce ya fi albarka? Zai bi ruwan fari ne, ko zai dakata har damina ta zauna? Buhun takin nan guda, masara zai ba ko dawa, kuma a wane lokaci? Kuskure ɗaya a cikin waɗannan ya isa ya sa rumbu ya ƙare tun kafin tsakiyar damina mai zuwa, lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa, aikin gona kuma ya fi yawa.

Domin a taimaki manomi wajen amsa irin waɗannan tambayoyi ne aka ƙirƙiro aikin malamin gona. Shi ne ɗan aike tsakanin masu bincike da masu riƙe da fartanya: ya ɗauko abin da aka gano a tashar bincike ya kai ƙauye, sa'an nan ya ɗauko kukan ƙauye ya mayar wa masu bincike. Wannan aiki ya daɗe a ƙasar nan, ya ga zamanin ɗaukaka, ya kuma ga zamanin koma baya. Wanda ya bi tarihinsa zai tarar da abu ɗaya yana ta maimaita kansa, shi ne cewa ƙaramin manomi ba ya ƙin shawara, amma kuma ba ya karɓarta da ka. Yakan auna ta da idonsa, da aljihunsa, da ƙarfin hannun iyalinsa, ya ɗauki abin da zai iya, ya bar sauran.

Daga Samaru Aka Faro

A shekarar 1922 ne Turawan mulki suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru kusa da Zariya. Abin da ya fi damunsu a wancan lokaci shi ne amfanin gonar da ake fitarwa ƙasashen waje, musamman auduga da gyaɗa. Ana raba irin auduga ta hannun hakimai da dagatai, akwai kuma dokar En'e wadda ta tilasta tumɓuke karan auduga a ƙone bayan an gama tsinka, domin a kashe ƙwarin da ke kwana a ciki. Saboda haka talaka ya fara sanin malamin gona ne a matsayin ɗan hukuma, mai zuwa da umurni, wanda ake gaisarwa da ladabi a kuma yi addu'ar ya wuce.

Duk da haka, akwai abin da manoma suka karɓa hannu bibbiyu tun a wancan zamani. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara ba da rancen shanun huɗa da garma ta hanyar baitulmalin En'e. Ba a sha wahalar bayani ba, domin duk wanda ya tsaya a bakin gona ya ga bijimai biyu sun huɗe a wuni ɗaya abin da zai ci wa mutum kwanaki da garmar hannu, ba ya bukatar wa'azi. Ga kuma taki daga garke. Har yau huɗar shanu na nan daram a Katsina da Kano da Jigawa da Gombe da sauran wurare, ta zama kamar da ita aka gaji noma.

A shekarar 1962 tashar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona. A shekarar 1963 kuma aka kafa wani sashe na musamman domin haɗa bincike da aikin malaman gona, wanda daga baya, a 1987, ya zama cibiya ta ƙasa baki ɗaya da aka sani da NAERLS. Daga wannan sashe ne ƙasidu da hotunan bango da shirye-shiryen rediyo cikin Hausa suka riƙa fitowa, a daidai lokacin da motar majigi ke zagaya ƙauyuka da dare tana nuna yadda ake sa taki da yadda ake feshi.

Darasin Da Manoma Suka Koya Wa Masana

Shekaru da dama malaman gona suna kai wa manoma saƙo iri ɗaya: a daina haɗa amfani a gona guda, a shuka kowane iri shi kaɗai a jere, a kuma shuka auduga da wuri, tun cikin watan Yuni. Manoma kuwa sai su amsa da "to", su koma su ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, auduga kuma sai cikin Yuli. Aka yi ta zarginsu da taurin kai da riƙon al'ada.

A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, tare da abokan aikinsa a Samaru, suka zauna suka bi ayyukan manoma rana-rana a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Abin da suka gano ya juya maganar. Gonar da aka haɗa amfani ta fi ba da riba a kan kowace eka, kuma ta fi tsare mai ita daga asara, domin idan fari ya kama dawa gero ya riga ya nuna, idan hatsi ya gaza wake da harawa za su rage zafi. Game da auduga kuwa, watan Yuni da farkon Yuli su ne lokacin noman firi, lokacin da kowane hannu a gidan yake kan gonar abinci. Wanda ya bar gero cikin ciyawa ya tafi shukar auduga ya sayi kuɗin da ba su zo ba da abincin da ke hannu.

Watau dai shawarar masana daidai take a kan takarda da kuma cikin gonar tasha, inda akwai leburori da taki da magani a kan kari. A gonar talaka kuwa lissafin dabam ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan bincike na Samaru yana cikin ayyukan da suka sa masana a ƙasashe da yawa suka koma nazarin gida da gona da kasuwar manomi gaba ɗaya kafin su ba shi shawara.

Zamanin Funtuwa Da Gusau Da Gombe

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta rafke gyaɗa a 1975 ta kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano, sun tayar da hankalin hukuma game da abinci. Gwamnatoci suka yi ta fito da shirye-shirye, daga shirin ciyar da ƙasa na Janar Olusegun Obasanjo a 1976 zuwa shirin juyin noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980. Amma wanda ya fi taɓa ƙaramin manomi kai tsaye shi ne shirin raya aikin gona da aka fara da rancen Bankin Duniya a 1975 a yankuna uku: Funtuwa, Gusau da Gombe.

A waɗannan yankuna an yi hanyoyin karkara, an gina ƙananan madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri da magani kusa da ƙauyuka, an kuma ɗauki malaman gona da yawa aka ba su abin hawa. A nan ne aka ga abin da kan faru idan shawara ta zo tare da kayan aiki. Kafin wannan lokaci masara abar bayan gida ce a ƙasar Hausa, ana shuka ta inda ake zubar da shara da toka, a gasa a ci ɗanya. Da ingantaccen iri ya samu, takin zamani kuma yana da rahusa saboda tallafin gwamnati, ga hanya mota na shiga har ƙauye, cikin 'yan shekaru masara ta mamaye gonakin Funtuwa da Bakori da Ɗandume da kewaye, ta zama abinci ta kuma zama hajar kasuwa.

Daga farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa tsarin ya game jihohi, aka sami hukumomi irin su KNARDA a Kano. A cikinsu aka bi wani tsari da Bankin Duniya ya yaɗa a ƙasashe da yawa, wanda wani masani ɗan Isra'ila, Daniel Benor, ya tsara, watau tsarin horo da ziyara. A ƙa'idarsa akan raba yankin malamin gona kashi 8, ya ziyarci kowane kashi sau ɗaya a mako biyu a ranar da kowa ya sani. Duk mako biyu kuma shi kansa yakan je a horar da shi a kan saƙon da ya dace da lokacin, ko shuka, ko cira, ko sa taki, ko feshi. A kowane kashi yana da zaɓaɓɓun manoma da yake aiki da su, da fatan maƙwabta za su gani su kwaikwaya. Sau da yawa yakan roƙi manomi ya ba shi ɗan gefen gona kaɗan a gwada sabuwar dabara, sauran gonar kuma a bar ta yadda aka saba, domin a kwatanta a kaka.

Tsarin ya yi amfani, amma yana da nasa rauni. Zaɓaɓɓun manoman nan galibi masu hali ne, ko na kusa da dagaci, ko waɗanda gonakinsu ke bakin hanya. Talaka na can cikin lungu yakan ce abin da ya yi kyau a gonar mai shanu da leburori ba lalle ya yi a tasa ba. Haka nan da yawa daga manoma sun ɗauki malamin gona a matsayin ƙofar samun taki mai rahusa. Idan ya zo da takardar taki sai dandali ya cika, idan ya zo da magana zalla sai a bar shi da yara da tsofaffi.

Yadda Manomi Ke Tsintar Shawara

Har gobe, idan aka ba ƙaramin manomi shawara mai rassa biyar, da wuya ya ɗauke ta duka a shekara ɗaya. Alal misali, shawarar da aka saba bayarwa game da masara ita ce a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami, a bar tsiro ɗaya a kowane rami, a sa takin kamfa cikin mako biyu na farko, a bi da yuriya bayan mako 4 zuwa 6, kuma a tona a binne takin. Manomi yakan fara da iri, domin shi ne mafi sauƙi. Taki yakan sa gwargwadon abin da aljihu ya ba shi, wanda sau da yawa bai kai rabin abin da aka faɗa ba. Ƙwaya ɗaya a rami kuwa takan ba shi tsoro, domin ya san gara da ɓera da tsuntsu suna da nasu rabo, don haka sai ya zuba uku ko huɗu. Binne taki kuma aiki ne mai cin hannu, saboda haka da yawa sukan ajiye shi a gindin shuka su wuce.

A nan ne amfanin malamin gona na gaskiya yake bayyana. Shi ne zai nuna wa manomi cewa yuriyar da aka bari a fili rana da iska suna kwashe wani ɓangare na ƙarfinta, ruwa mai ƙarfi kuma ya wanke saura, don haka mai buhu ɗaya shi ya fi kowa bukatar ya binne. Shi ne zai gaya masa cewa gara ya tattara ɗan takin a rabin gona ya yi kyau da ya warwatsa shi ko'ina ya ɓace. Shi ne kuma zai faɗakar da shi cewa masara mai aure ba a mayar da 'ya'yanta gona a shekara ta biyu, domin albarkarta takan ragu, amma akwai irin da za a iya ajiyewa a sake shukawa shekara biyu ko uku. Wannan bambanci kaɗai ya jawo wa manoma da yawa asara, suka koma suna cewa irin zamani yaudara ne.

Cibiyar Samaru, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan wadda ke da reshe a Kano, sun fitar da iri masu yawa na masara da dawa da wake da gyaɗa, waɗansu masu nuna da wuri domin wuraren da damina ke da gajarta, waɗansu masu jure wuta-wuta. A 2019 ma an fitar da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sarrafa ƙwayar halittarsa domin ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanso. Amma iri yana iya shekara goma a tasha, ƙauyen da ke da nisan tafiyar sa'a ɗaya bai taɓa jin sunansa ba, in babu wanda zai kai shi ya kuma tsaya ya amsa tambayoyin jama'a a kansa.

Gani Ya Kori Ji

Misalai biyu sun isa su nuna hanyar da ta fi shiga zuciyar manomi. Na farko shi ne na ƙungiyar Sasakawa, wadda attajirin nan na Japan Ryoichi Sasakawa, da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da masanin iri Norman Borlaug suka kafa a 1986, ta kuma shigo Nijeriya a 1992. Ba ta kawo sababbin malamai ba, da malaman gonar jihohi ta yi aiki. Dabararta ita ce gonar gwaji mai faɗin rubu'in hekta a cikin gonar manomi, shi da kansa yake yin kowane aiki da hannunsa, malami yana tsaye. Rubu'in hekta ya isa a ƙirga buhuna a kaka, ba kwano ba. Da maƙwabta suka ga masara ta ninka abin da aka saba samu, ba a bukaci a kira su taro ba, su da kansu suka riƙa tsayawa a bakin gona suna tambaya.

Na biyu shi ne buhun ajiyar wake mai riɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka faro bincikensa tare da takwarorinsu a Arewacin Kamaru, aka kuma shiga yaɗa shi sosai daga 2007 a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi dabam. Iska ba ta shiga, don haka ƙwarin da ke ciki sukan shanye 'yar wadda ta rage su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Da baki kawai aka faɗi wannan, da ba wanda zai yarda. Abin da aka yi shi ne, a kaka a tara jama'a a dandali, waɗansu su kawo wakensu a ɗaure a gaban kowa, a ajiye. Bayan wata 4 zuwa 6 a sake taruwa a kwance. Wake ya fito fes, alhali na cikin buhun da aka saba ya zama gari. Manomin da a da yake sayar da wake da arha a kaka don tsoron ƙwari, yanzu yana iya riƙewa har farashi ya tashi.

Da Malami Ya Yi Nisa

A tsakiyar shekarun 1990 rancen Bankin Duniya na waɗannan hukumomi ya ƙare, nauyi ya koma kan gwamnatocin jihohi. A jihohi da yawa albashi kawai aka iya biya. Babura suka mutu ba a sake su ba, kuɗin mai ya tsaya, horon mako biyu ya zama sai an sami wani shiri na masu ba da agaji. Malaman da aka ɗauka a zamanin Funtuwa suka yi ta ritaya ba a cike gurabensu ba. Ƙa'idar da aka saba ambata ita ce malami ɗaya ga iyalai kamar 800 zuwa 1,000, amma a wurare da yawa malami ɗaya ya koma yana da dubban manoma a wuyansa. Rashin tsaro a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno ya ƙara nisanta ma'aikaci da ƙauye.

Tambayoyin manomi kuwa ba su ƙare ba don malami ya daina zuwa. Yakan fara da maƙwabci, ko wani dattijo da aka san shi da iya noma. In abin ya fi ƙarfinsu, sai ya tsinko ganyen da ya lalace ya sa a aljihu, ranar kasuwa ya kai wa mai sayar da maganin feshi. A yau mai shagon magani shi ne malamin gonar da ya fi kusa da talaka. A cikinsu akwai masu sani da tsoron Allah, amma ko mai gaskiya a cikinsu ɗan kasuwa ne, kuma da wuya mai shago ya ce wa mai saye ciwon gonarsa ba ya bukatar magani. Ga shi kuma takardar jikin kwalba da Turanci take, ma'aunin da aka rubuta ba shi ne murfin da ake aunawa da shi a gona ba.

An ga sakamakon haka a fili. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda jama'a ke kira fiya-fiya, wanda ba a yi shi domin a zuba a kan abinci ba. Waken da aka ƙi a waje kuwa, irinsa ne ake dafawa a gida. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka raɗa wa suna sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wannan tsutsa a cikin naman ganye take shiga ta ɓuya, kuma tana saurin sabawa da magani, don haka manoman da suka yi ta ninka feshi da magani iri ɗaya sun yi asarar tumatir sun kuma yi asarar kuɗi. A wannan shekara dai aka fara ganin wata baƙuwar tsutsar masara, 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda ke shigewa cikin ƙoƙon ganye. Maganinta shi ne a riƙa duba gona tun shuka tana ƙarama, a kama ta tun tana ƙanƙanuwa, a yi feshi da sassafe ko da yamma a saita cikin ƙoƙon. Bayani ne da ba ya cin minti goma, amma sai an sami mai yin sa a kan lokaci.

Rabon Mata

Akwai kuma rabin jama'a da malamin gona namiji ba ya iya kaiwa gare su. A ƙasar Hausa mata ne ke kiwon awaki da tumaki da kaji a cikin gida, su ne ke sussuka da casa da ajiya, su ne ke matsar man gyaɗa da turara shinkafa, a wurare da dama kuma suna da gayaunarsu. A ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata a cikin hukumomin raya aikin gona, aka ɗauki malamai mata masu shiga gida-gida su kuma haɗa ƙungiyoyi. Inda aka yi haka, rigakafin cutar kaji, da sarrafa waken soya, da ajiyar hatsi ba tare da guba ba sun shiga gidaje. Amma malamai mata ba su taɓa yin yawa ba, kuma saƙon da aka ba mai gida a dandali ya kai wa uwargida ba kullum yake isa yadda aka faɗe shi ba.

Rediyo Da Wayar Hannu

Rediyo tsohon abokin manomi ne tun zamanin da gidan rediyon Kaduna ke kaiwa ko'ina a Arewa, kuma yanzu da tashoshi suka yawaita, manomi yana iya buga waya ya yi tambaya ana cikin shiri. Wayar hannu ma ta shigo harkar. A 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina ke Ministan Aikin Gona, an yi rajistar miliyoyin manoma aka riƙa aika musu saƙon waya su je su karɓi buhun taki biyu a rabin kuɗi. Shirin ya tsaya bayan 'yan shekaru, amma ya nuna cewa ana iya kaiwa ga talaka da sunansa ba sai ta hannun wani ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Samari masu manyan wayoyi sukan ɗauki hoton ganye su tura wa wanda ya sani.

Duk waɗannan suna da amfani wajen faɗakarwa da gaggawa. Sai dai rediyo ba ya ganin gona. Ganye mai ruwan ɗorawa yana iya zama yunwar taki, ko yawan ruwa, ko wuta-wuta tana tsotsa daga ƙasa, kuma kowanne da maganinsa. Hasashen damina ma sai an sami mai fassara shi ya zama shawara, ya ce wa mutanen wannan gari bana ku nemi iri mai kwana kaza. Wayar ta fi amfani a hannun malamin da ke zagayawa, wanda ya san gonar ya kuma san mai ita.

Abin Da Ya Rage Wa Hukuma

A tsarin ƙasar nan aikin malaman gona yana wuyan gwamnatocin jihohi ne, tare da taimakon Gwamnatin Tarayya da ƙananan hukumomi. Kowace shekara akan ji an ƙaddamar da sayar da taki da rabon taraktoci da biki, amma da wuya a ji an ware kuɗin man babur ɗin malamin gona, alhali kuɗin tarakta ɗaya sun isa su sa malamai da dama a kan hanya har damina ta fita. Kwalejojin aikin gona suna yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu 'ya'yan manoma ne masu jin harshen ƙauyukansu, suna zaune ba aiki.

Masu lura da al'amarin suna ganin hanyar a bayyane take. A ɗauki sababbin malamai, maza da mata, a zaunar da su cikin yankunan da suke aiki, a ba su abin hawa da horo a kai a kai. A mayar da gonar gwaji kowace gunduma, a sa ta a gonar talaka mai ƙaramin ƙarfi, da kayan da zai iya saya da kuɗinsa. A horar da masu sayar da magani a kuma sa musu ido, tun da dai manomi ba zai daina zuwa wurinsu ba. Sa'an nan a buɗe kunne ga abin da malami ya ɗauko daga ƙauye, domin darasin Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi bai tsufa ba.

Mafi yawan hatsin da ke cika kasuwannin Dawanau da Funtuwa da Saminaka daga gonakin masu hekta 1 da 2 yake fitowa, mudu-mudu da buhu-buhu. Idan hadarin bana ya haɗu, mai wannan gona zai tsaya da buhun takinsa guda yana lissafi, kuma zai nemi wanda zai tambaya. Ko ya sami malamin gona ko bai samu ba, shuka ba za ta jira ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.